Yadda Ake Zaɓen Dardumar Saƙar Hannu Mai Zanen Zamani da Yadda Ake Kula da Ita

Wanda ya shiga manyan shagunan darduma a Istanbul ko Dubai ko Jidda a 'yan shekarun nan zai lura cewa kayan sun sauya kama. Har yanzu akwai jar dardumar nan ta Farisa mai babban tambari a tsakiya da furanni kewaye da shi, amma a gefenta an jera wasu masu launin toka da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu, wasu babu zanen iyaka a gefunansu, wasu kuma tsohon zane ne da aka yi kamar ya goge a wurare da gangan. Da yawa daga cikinsu saƙar hannu ce ta gaske, ƙulli bayan ƙulli, irin wadda aka gada kaka da kakanni a Iran da Afganistan da Indiya da Nepal. Da yawa kuma inji ne ya fitar da su cikin ɗan lokaci, aka kwaikwayi wancan zanen sak. Tun da zanen zamani ba ya bin ƙa'idar wani gari ko wata ƙabila, fuskar darduma ta daina zama shaidar asalinta, don haka dole mai saye ya koma ga bayanta, da zarenta, da abin da mai shago ya yarda ya rubuta a takarda.

Sanin inda sauyin ya samo asali yana taimaka wa mutum ya fahimci abin da ake nuna masa. Ita sana'ar tsohuwa ce ƙwarai, domin dardumar ƙulli mafi daɗewa da ta tsira kusan cikakkiya, wadda aka tono a Pazyryk cikin tsaunukan Altai na Siberiya a 1949, an saƙa ta ne wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma irin ƙullinta shi ne ake yi har yau a ƙauyukan Turkiyya. Abin da ya sauya shi ne zane da kasuwa. Bayan 1959, 'yan gudun hijirar Tibet da suka sauka a Nepal sun kafa cibiyar saƙa a Jawalakhel, kusa da Katmandu, da tallafin Siwizalan, kuma daga nan sana'ar ta bunƙasa har masu zane na Turai da Amurka suka riƙa kai aikinsu can. A 1981 wani Bajamushe masanin sinadarai, Harald Böhmer, tare da Jami'ar Marmara ta Istanbul, suka fara shirin DOBAG a ƙauyukan Ayvacik na yammacin Turkiyya, wanda ya dawo da rinin itatuwa bayan rinin kanti ya kusa kashe shi. A kudancin Iran kuma, gabbe, wato darduma mai kauri da matan makiyayan Kashkai da Lur suke saƙa wa kansu ba tare da tarin ado ba, ta samu karɓuwa a Turai ta hannun 'yan kasuwa irin su gidan Zollanvari, saboda sauƙin adonta ya dace da ɗakunan zamani. Daga baya masu zane irin su Jan Kath na birnin Bochum a Jamus suka zo da salon ɗauko tsohon zanen Farisa a ƙulla shi ta yadda zai zama kamar wani sashensa ya shafe.

Mataki na farko: a auna ɗakin kafin a je shago

A ɗauki abin awo a rubuta tsawo da faɗin wurin da za a shimfiɗa dardumar, cikin santimita da kuma ƙafa, domin kasuwannin Turkiyya da Iran da Turai suna magana da santimita, kayan da aka yi don Amurka kuma da ƙafa ake rubuta su. Girman da aka fi samu a shirye shi ne 170 da 240, da 200 da 300, da 250 da 350, da 300 da 400. Dardumar saƙar hannu ba a yanka ta don ta dace da ɗaki kamar yadda ake yi wa kafet ɗin naɗi, saboda haka a bar tazarar santimita 30 zuwa 45 tsakaninta da bango, a kuma duba ko ƙofar da ke buɗewa ciki za ta iya wucewa ta kanta. Idan ƙarƙashin teburin cin abinci za ta shiga, sai ta zarce teburin da aƙalla santimita 60 ta kowane gefe, don kada ƙafar kujera ta riƙa kama bakinta.

Bayan awo sai a yi wa kai tambayar da ta fi muhimmanci, wato wane irin zama ake yi a ɗakin. Falon da ake zama a ƙasa, ake cin abinci a kansa, yara suke rarrafe, baƙi suke cika shi ranar suna ko ranar Salla, ulu mai ƙarfi da launi mai ɗan duhu ko mai gauraye yake buƙata. Farar darduma mai siliki ta ɗakin da ba a cika shiga ba ce. Wanda ba ya son surar dabba ko ta mutum a inda yake salla ya duba da kyau, domin gabbe sau da yawa tana da 'yan ƙananan awaki ko tsuntsaye a tsakiyar fili, waɗanda ba a lura da su sai an durƙusa. A tafi da hoton kujeru da ɗan ƙyallen labule, domin ido yana manta launi da zarar an shiga shago mai fitilu.

Mataki na biyu: a juya ta

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane, kuma wanda ya ƙware a kansa kaɗai ya tsira daga mafi yawan ha'incin kasuwar. Yadda mai sayen hula yake juya ta ya dubi cikinta don ya bambance ɗinkin hannu da na inji, haka ake yi wa darduma.

A saƙar ƙulli, ana fara miƙa zaren tsaye a jikin katakon saƙa daga sama zuwa ƙasa. Mai saƙa yana ɗaure ɗan gajeren zare mai launi a kan zaren tsaye biyu, ya yanke, ya matsa ga na gaba, har layi ya cika. Sai ya ratsa zaren kwance sau ɗaya ko biyu, ya danne layin da wani ƙarfe mai haƙora, sannan ya fara sabon layi. Bakunan waɗannan ƙulle-ƙullen su ne gashin da ake takawa. Abin da wannan yake nufi shi ne zanen da ke fuska dole ya bayyana a baya daidai, da launinsa da iyakokinsa, cikin ƙananan ƙwayoyi kamar an jera duwatsun ado. Idan aka dube su kusa za a ga ba su da girma ɗaya tsaf, layukan ma suna ɗan karkata nan da can, domin hannu ba ya maimaita kansa yadda inji yake yi.

Daga nan sai a dubi geza. A saƙar hannu geza ita ce bakin zaren tsaye da ya rage bayan an sauke darduma daga katako, saboda haka idan aka bi zare ɗaya da yatsa za a ga ya shige cikin jikin saƙar. Gezar da aka ɗinka a matsayin wani tsiri na daban alama ce ta aikin inji, ko kuma ta gyara. Sai dai dardumomin zamani da yawa ba a bar musu geza, ana lanƙwasa ta baya a ɗinke ko a rufe ta da siririn ƙyalle, don haka rashin geza ba laifi ba ne, a ɗaga bakin ƙyallen kawai a duba. Gefuna biyu na tsawo kuma da hannu ake naɗe su da zare, kuma naɗin yana da ɗan kauri a wani wuri da siranta a wani, ba ya yin santsi iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Gwaji na uku shi ne a lanƙwasa darduma ta fuskarta har gashin ya buɗe, a leƙa gindinsa. A saƙar ƙulli za a ga zaren ya zagaye zaren tsaye ya ɗaure.

Abin da ya fi ruɗa mutane ba aikin inji ba ne, shi ne wanda ake yi da wata na'ura mai kama da bindiga, da ake riƙewa a hannu ana harba zare cikin yadi da aka miƙe, sannan a shafe bayan da gam na roba a lulluɓe shi da wani yadin. Mai shago zai rantse cewa aikin hannu ne, kuma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma babu ƙulli ko ɗaya a ciki, gam ne kaɗai yake riƙe da gashin. A takardar da ke manne da kaya, irin wannan ana rubuta masa hand-tufted, saƙar ƙulli kuwa hand-knotted ake rubutawa. Duk dardumar da aka rufe bayanta baki ɗaya da yadi, ba a ganin zanen, ba saƙar ƙulli ba ce. A ƙasa mai zafi irin tamu gam ɗin yana saurin bushewa ya fara zubar da farin gari a kan daɓe, wani lokaci har da wari. Ba haramun ba ne a saye ta idan an san abin da aka saya kuma an biya kuɗinta, laifin shi ne a biya kuɗin waccan a karɓi wannan.

Mataki na uku: a ƙidaya ƙulli, amma kada a bauta wa adadi

Ƙulli iri uku ne suka fi yawa. Na Turkiyya yana zagaye zaren tsaye biyu, bakunansa duka su fito ta tsakaninsu. Na Farisa yana zagaye ɗaya ne gaba ɗaya ya ratsa ta ƙarƙashin na biyu, abin da ke ba shi damar fitar da zane mai lanƙwasa sosai. Na Tibet, wanda ake yi a Nepal, ana naɗa zaren ne a kan zaren tsaye da kuma wani siririn ƙarfe da aka gitta a gaba, idan layi ya cika sai a yanke madaukan da wuƙa a zare ƙarfen. Babu wanda ya fi wani daraja a kan kansa.

Don ƙidaya, a ɗora abin awo a bayan darduma, a ƙirga ƙulli nawa ne cikin inci ɗaya a tsaye, nawa ne a kwance, a ninka. Goma a tsaye da goma a kwance ya ba da 100 a murabba'in inci. Akwai wani tarko a nan: a wasu saƙar, kowane ƙulli yana nuna ƙwaya biyu a baya, a wasu kuma ɗaya kawai ake gani saboda an tura zaren tsaye na biyu ƙarƙashin na farko. A nemi layin launi mafi siranta a cikin zanen. Idan ƙwayoyin kullum bibbiyu suke zuwa da launi ɗaya, to, biyun nan ƙulli ɗaya ne, kuma wanda ya ƙirga su daban ya ninka adadin ke nan.

Kowace kasuwa da ma'auninta. A Nepal ana cewa 60 ko 80 ko 100 ko 150, ana nufin a murabba'in inci. A Tabriz ta Iran ana cewa raj, wato adadin ƙulli cikin santimita 7, ta yadda raj 50 yake kai kusan rabin miliyan a murabba'in mita. A Nain, ita ma a Iran, ana cewa la, wato adadin siraran zare da aka murɗa cikin zaren tsaye, kuma a nan ƙaramin adadi ne ya fi laushin saƙa, la 6 ta fi la 9.

Amfanin ƙidayar shi ne ta nuna yawan aikin da ke cikin kaya. Darduma mai mita 2 da mita 3, mai ƙulli 100 a murabba'in inci, tana ɗauke da ƙulli wajen 930,000. Idan aka ɗauka mai saƙa yana ɗaure 6,000 a yini, aikin kwana 155 ke nan ga mutum ɗaya, ko kwana hamsin da 'yan kai ga mutum uku da suka jeru a katako ɗaya, ban da kaɗi da rini da wanki da aski. Wanda ya riƙe wannan lissafi a kansa, idan aka yi masa tayin irin wannan darduma a farashin da bai kai ladan wata guda na mutum ɗaya ba, ya san akwai magana. Amma yawan ƙulli ba shi ne inganci ba. Zanen da ya ƙunshi manyan filaye na launi ba ya buƙatar saƙa mai laushi, kuma gabbe mai ulu nagari, duk da ƙarancin ƙullinta, za ta iya binne wata mai ninkin ƙullinta da aka yi da mataccen zare. Abin da za a guda shi ne ƙullin da ake kira jufti, wanda ake ɗaurawa a kan zaren tsaye huɗu maimakon biyu don a rage aiki, domin yana barin gashi ya yi sako-sako. Ana gane shi idan aka tura yatsa cikin fili mai launi ɗaya aka ji ya isa gindi cikin sauƙi fiye da wurin da ke da zane.

Mataki na huɗu: a gane zaren

Ulu shi ne gashin mafi yawan dardumomi, auduga kuma ita ce zaren tsaye da na kwance. Ulun tumakin tsaunuka, irin na Tibet ko na Gazni a Afganistan, yana da maiƙo na halitta da ke sa shi ƙyalli kuma ya hana datti kama shi da wuri, kuma a Nepal da Indiya ana yawan gauraya shi da na New Zealand, wanda ya fi fari da laushi. A shafa gashin da tafin hannu da ƙarfi sau goma. Sabuwar darduma tana iya sakin ɗan gashi, amma idan hannu ya cika, kuma zaren ya yi kaushi ya bushe, mai yiwuwa ulun da aka cire daga fatar tunkiyar yanka ne a majema, wanda sinadari ya riga ya cinye ƙarfinsa.

Siliki shi ne inda zanen zamani ya fi cin kuɗin mutane. Salon da ake yayi shi ne a yi fili da ulu, a fitar da zanen da zare mai sheƙi, don ya riƙa sauya kama idan haske ya juya. Idan silikin gaske ne, madalla. Amma sau da yawa biskos ne, zaren da ake haɗawa daga ɓargon itace a masana'anta, wanda ake sa wa sunaye masu daɗin ji irin su silikin gora ko silikin ayaba. Yana da kyau a shago, amma ruwa kaɗai, ko da na sha ne, yana iya barin masa tabo mai ruwan ɗorawa ya kwantar da gashin, kuma ba ya jure taku. A gidan da ake shiga falo da danshin alwala a ƙafa, a ganina bai kamata a kai shi ba ko kyauta aka bayar.

Hanyar rarrabewa ita ce wuta. Da izinin mai kaya, a zaro ɗan zare guda daga gashin a ƙona shi. Siliki da ulu suna warin ƙonannen gashi, wutar tana mutuwa da kanta, kuma abin da ya rage yana murƙushewa ya zama gari tsakanin yatsu. Biskos da auduga suna ci da sauri da warin ƙonanniyar takarda, su bar toka mai laushi. Zaren roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Mai shagon da ya tabbata da kayansa ba ya ƙin wannan gwaji.

Mataki na biyar: launi da rini

Rinin gargajiya daga tsirrai yake: baba don shuɗi, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano, da saiwar wani tsiro da ake kira runas don ja, da ɓawon rumman don ruwan ɗorawa, tare da alif da ke sa launin ya kama zare. Rinin kanti ya fara ne bayan William Perkin ya gano na farko a 1856, kuma na farkon yana kwaranya yana kuma koɗewa, amma na yanzu mai kyau yana da ƙarko, kuma shi ne yake ba masu zane damar samun ainihin tokar da suke so. Saboda haka ba aibu ba ne a ce rinin kanti ne, aibun shi ne rinin da bai kama ba. A jiƙa farin ƙyalle da ruwa, a danna shi a kan ja ko baƙi ko shuɗi mai duhu na ɗan lokaci, idan ya ɗauko launi a bar dardumar.

Sau da yawa za a ga launin fili yana ɗan sauyawa a kwance, wani wuri ya fi wani duhu. Wannan shi ake kira abrash, kuma yana faruwa ne saboda zaren kaɗin hannu ba ya shan rini daidai, ko kuma an ƙare ƙunshi ɗaya an ɗauko wani daga wata tukunyar. Masu zane na zamani da gangan suke neman sa. Inji ma ya koyi kwaikwayonsa, amma nasa yana maimaita kansa a tazara ɗaya.

Mataki na shida: a bambance tsufan zane da tsufan dole

Darduma mai kama da tsohuwa iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne bambancin shekarun da za su yi. A iri na farko, gogewar a cikin zanen take: mai saƙa ya bi taswira ya ƙulla kowane tabo da launinsa, gashin kuma yana nan da tsawonsa. A iri na biyu, an saƙa darduma ne sannan aka aske ta har kusa da gindi, aka goge ta da buroshin ƙarfe ko aka wanke ta da sinadari don ta koɗe. Haka ma tsofaffin dardumomin Anatoliya ta Turkiyya da ake cire wa launi a sake rina su launi ɗaya mai ƙarfi, ko a yayyanka a haɗa faci-faci. Suna da kyan gani, amma an riga an cinye rabin ransu kafin su bar shago. A duba baya: idan tabon gogewar yana nan a baya kamar yadda yake a fuska, ƙulla shi aka yi, idan kuma bayan cikakke ne fuskar ce kaɗai ta goge, tsufan dole ne.

Kafin a shiga ciniki a sa a shimfiɗa ta a ƙasa gaba ɗaya. A auna faɗinta a ƙarshenta biyu, a ga ko ta kwanta lafiya ba tare da tudu a tsakiya ko kunne ya naɗe ba. Bambancin santimita ɗaya ko biyu al'adar aikin hannu ce. A tsaya ta kowane ƙarshe a dube ta, domin gashin yana kwantawa ta gefe ɗaya, don haka ta wani ɓangaren tana duhu ta wani tana haske, kuma wannan ne zai nuna ta inda za a fuskantar da ita a ɗaki. In da hali a fita da ita hasken rana.

Mataki na bakwai: ciniki da takarda

A kasuwannin Istanbul da Dubai farashin farko na taya ne, kuma shayin da aka kawo ba bashi ba ne. A raba kuɗin da murabba'in mita don a iya gwada kayan shago da na wani shago. Idan an daidaita, a sa mai kaya ya rubuta a rasit cewa saƙar ƙulli ce ta hannu, da ƙasar da aka saƙa ta, da zaren gashi da na gindi, da adadin ƙulli, da girma. Sunan zane ba sunan ƙasa ba ne: ana saƙa zanen Tabriz ko na Bukhara a Pakistan da Indiya, kuma yana iya zama aiki mai kyau, amma a rubuta gaskiyar inda ya fito.

Akwai kuma batun wanda ya saƙa ta. Sana'ar ta daɗe tana fama da sa ƙananan yara aiki, musamman a kudancin Asiya, abin da ya sa Kailash Satyarthi, ɗan Indiya wanda ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2014, ya kafa ƙungiyar Rugmark a 1994, wadda yanzu ake kira GoodWeave. Tambarinta yana ɗauke da lamba a bayan darduma. Label STEP ta Siwizalan ma tana sa ido kan ladan masu saƙa da yanayin aikinsu. Rashin tambari ba hujja ba ce cewa an yi zalunci, domin matan ƙauye da yawa a gidajensu suke saƙa, amma ga kayan Indiya da Nepal tambayar tana da muhalli.

Wanda yake son girma ko launin da babu a shirye yana iya ba da oda, kuma masu saƙa na Katmandu, da na Bhadohi da Jaipur a Indiya, sun saba da hakan. A zaɓi launi daga ƙananan tuntayen zare masu lamba, kada a zaɓa daga fuskar waya. A nemi a fara saƙa ɗan samfuri a aiko, a amince da shi a rubuce kafin a hau babban aiki, a biya wani kaso a riƙe sauran har sai an ga hoton fuska da baya bayan wanki. A sa ran jira na wata uku zuwa shida.

Game da ɗauko ta, darduma mai mita 2 da 3 tana iya kai kilo 20 ko fiye, wato ita kaɗai za ta cinye nauyin jaka guda a jirgi. Kafet ya daɗe cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su don kasuwanci, saboda haka mai niyyar ɗauko da yawa ya fara bincika ƙa'idar kwastan da ke aiki a lokacin.

Mataki na takwas: zamanta a gida

A sa mata shimfiɗar ƙasa mai hana zamewa, musamman a kan tayil. Babbar abokiyar gabarta a ƙasar Hausa ƙurar hunturu ce, domin tana sauka gindin gashi, kuma duk taku yana sa ta goga zaren har ta yanke shi. A riƙa share ta da tsintsiya mai laushi ana bin kwanciyar gashin, ko a yi amfani da na'urar zuƙe ƙura ba tare da buroshinta mai juyawa ba, a kuma kauce wa geza. Lokaci-lokaci a kifa ta a bubbuga bayan a hankali, a ɗaga a share abin da ya zubo. A juya kanta zuwa ƙafa sau ɗaya ko biyu a shekara don taku da rana su ci ta daidai. Kaskon turaren wuta kada ya hau kanta sai da faranti mai faɗi a ƙarƙashi, kuma lokacin cin abinci a shimfiɗa leda.

Idan shayi ko zoɓo ya zube, a danna farin ƙyalle a tsotse nan take, daga bakin tabon zuwa tsakiya, kada a goga. Sai a bi da ruwan sanyi kaɗan-kaɗan ana tsotsewa, a ɗaga wurin iska ta shiga ta sama da ƙasa har ya bushe. Manja ko miya a fara kwashe su da cokali, sannan a taɓa wurin da ɗigon sabulu mai laushi cikin ruwa. Bilic da garin sabulun wanki da ruwan zafi suna lalata ulu su kuma tayar da rini. Lalle kuwa rini ne da kansa, in ya kama ulu da wuya ya fita, don haka ranar ƙunshi a naɗe dardumar tun kafin a kwaɓa. Kada a kai ta wurin masu wankin mota, domin ruwan da suke fesawa da ƙarfi da sabulunsu ba na ulu ba ne, kuma idan gindin auduga ya kwana biyu a jiƙe sai ya fara ruɓewa.

Da damina a riƙa ɗaga ta ana duba ƙasan, saboda danshi da fumfuna da gara, wadda take iya cin gindin auduga ta ƙasa fuskar tana nan lafiya. Asu kuma yana yin ƙwai a wurin duhu da ba a takawa, kamar ƙarƙashin kujera, don haka a riƙa matsar da kujeru ana share wurin. Idan za a ajiye ta, a tabbatar da tsabtarta da bushewarta, a naɗe ta kada a ninke, a lulluɓe ta da yadin auduga ba leda ba, a ɗora ta a kan wani abu sama da ƙasa, a kuma buɗe ta a sha iska duk bayan 'yan watanni. Wurin da ke fara lalacewa shi ne naɗin gefe da gindin geza, kuma da zarar an ga zare ya fara warwarewa a can a sa a ɗinke shi da hannu da zaren ulu ko auduga mai ƙarfi, kada a shafa gam, domin idan geza ta cinye har ta kai layin farko, ƙulle-ƙullen za su fara zamewa layi bayan layi.